Yadda Masu Rubuta Manhaja Suka Koyi Kulle Ƙofa Biyu

A 1986 kamfanin Security Dynamics na Amurka ya fito da SecurID, 'yar na'urar aljihu mai sauya lamba kowane minti. Ma'aikaci zai shigar da kalmar sirrinsa, ya ɗora da lambar da ke fuskar na'urar. Tsada ta sa ta tsaya a hannun bankuna da manyan kamfanoni.

Da wayar salula ta wadata, sai aka koma tura lambar ta saƙon tes. Sauƙi kam akwai shi, amma ɗan damfara na iya lallaɓar kamfanin waya ya mayar da layin mutum kan nasa sim, lambar ta faɗo masa. Da wannan dabara aka ƙwace shafin Twitter na Jack Dorsey, shugaban kamfanin a lokacin, a Agustan 2019. Manhajoji irin Google Authenticator, da ta fito a 2010, sun toshe wannan kafa, domin a cikin wayar suke haɗa lamba shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30.

Abin mamaki, masu rubuta manhaja da kansu sun yi jan ƙafa. GitHub, dandalin ajiye kod, ya kawo tsarin mataki biyu a 2013, ya bar shi ganin dama. A Yulin 2018 masu kutse suka shiga asusun wani mai kula da manhajar eslint-scope a rumbun manhajoji na npm, wanda ya maimaita tsohuwar kalmar sirri kuma bai kunna mataki na biyu ba, suka cusa mugun kod a manhajar da dubban mutane ke saukewa. Irin wannan ya yi ta maimaituwa har GitHub ya fara tilasta tsarin a Maris 2023, rumbun manhajoji na PyPI ya bi sahu a Janairun 2024.

Lamba shidan ma ba ta tsira ba. A Satumbar 2025 aka yaudari mai kula da manhajojin chalk da debug da imel na bogi, ya rubuta lambarsa da hannunsa a shafin ƙarya.

Maganin wannan ya daɗe a kasuwa. Makullin USB da kamfanonin Yubico da Google suka tsara yana duba adireshin shafi kafin ya amsa, shafin bogi ba ya samun komai daga gare shi. A 2018 Google ya ce tun da ya ba ma'aikatansa sama da 85,000 makullin a 2017, ba a ƙwace asusun aikin ko ɗaya ta irin wannan yaudara ba. Passkey, da Apple da Google da Microsoft suka rungume a 2022, ita ce wannan fasahar a cikin waya.

Mai riƙe da manhajar jama'a ya ɗauki makulli ko passkey, ya adana lambobin farfaɗo da asusu a takarda, saƙon tes kuwa sai in babu makawa.