Randar da Ta Daina Sanyaya Ruwa

Duk wanda ya karɓi canjin naira ashirin a Kambaza ko Kalgo, ya riƙe hoton wata maginiyar tukwane. A bayan takardar da ke ɗauke da fuskar Murtala Muhammad, Ladi Kwali ce take aikin yumɓu.

Ladi Bagwariya ce daga garin Kwali, kuma tun tana yarinya ta koyi ginin randa da hannu, tana zana mata kunama da ƙadangare da kada da kifi. Ƙwarewarta ta sa Sarkin Abuja, Sulaimanu Barau, ya ajiye tukwanenta a fadarsa. A can ne Michael Cardew, Baturen Ingila da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka don inganta sana'ar, ya fara ganinsu. Ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma a 1954 Ladi ta zama mace ta farko da ta shiga.

A makarantar aka fara shafa wa randunanta sinadarin ƙyalli, ana gasa su a tanderu mai tsananin zafi. Sun yi kyau, sun kai wuraren baje koli a Landan. Sai dai randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsatsafo, iska ta busar da danshin, zafi ya fita. Da ƙyallin ya toshe ƙofofin yumɓun, sai randar ta yi nauyi, ta daina wannan aiki, ta koma abin ado a ɗakunan masu hali.

Ladi ta ci moriyar sauyin: Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kafin rasuwarta a 1984. Wani ɗan asalin Ostireliya, Albert Namatjira na ƙauyen Hermannsburg, ya bi irin wannan hanya, amma bai ji da daɗi ba. A 1936 ya koyi zane da fentin ruwa a hannun wani Bature, Rex Battarbee, ya shahara da zanen duwatsun ƙasarsu. Bayan rasuwarsa a 1959, hukuma ta sayar da haƙƙin mallakar zanensa a 1983, iyalansa ba su same shi ba sai 2017.

A labaran biyu, kasuwar waje ta ɗaga mutum guda da salon da ya dace da idonta. Sauran maginan ƙauye, masu tulu da kasko da randa, roba da ƙarfe suna ƙwace musu masu saye. Ga shi kuwa a ƙasar Gwandu, inda bazara ke ƙuna kuma lantarki ba shi da tabbas, randa marar ƙyalli ce firij ɗin talaka. Ilimin zaɓen yumɓu da gasa shi yana hannun dattawan sana'ar, kuma idan ba a sami magada ba, da su zai tafi.