Gobarau: Hasumiyar da Ta Rasa Masallacinta

Mu mutanen Fakuwa mun san halin ginin ƙasa: shekarar da aka fasa yi masa yaɓe kafin damina, a shekarar yake fara mutuwa. Da wannan sani na tsaya gaban hasumiyar Gobarau ranar da na fara shiga birnin Katsina daga Kankiya. Na ɗaga kai na dubi tsayinta, kimanin mita 15, sannan na kewaya ina neman masallacin da aka gina ta dominsa. Babu shi.

Tarihin baka ya danganta ginin da zamanin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne Sarkin Katsina Musulmi na farko, a ƙarni na 15. A ƙarshen wannan ƙarni ne Shehu al-Maghili ya ziyarci birnin. Gobarau ta kasance masallacin Juma'a kuma makaranta, hasumiyarta ta ladani ce da kuma masu hangen mahara. A birnin da take tsakiyarsa aka yi malamai irin su Ɗan Masani da Ɗan Marina a ƙarni na 17.

Da jihadi ya zo, Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, Juma'a ta koma wani masallacin. Sahu ya tashi, masu yaɓe suka bi sahu, damina ta ƙarasa aikin. Hasumiyar kaɗai ta tsira, ita ma sai da aka gyara ta a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944.

Ba mu kaɗai muka ga irin wannan ba. A gabashin Turkiyya akwai kufan Ani, tsohon babban birnin Armeniyawa. Babbar majami'arsa, wadda magini Trdat ya gina da dutse a farkon ƙarni na 11, ta ga mamayar Saljukawa a 1064, girgizar ƙasa ta 1319 ta kayar da ƙubbarta. Amma abin da ya mayar da ita kango shi ne ƙaurar ayari da watsewar mazauna. Sai a 2016 UNESCO ta sanya Ani cikin wuraren tarihi na duniya, bayan ciyawa ta daɗe da gaje birnin. Ashe dutse ma bai fi ƙasa jure maraici ba.

Abin da ke damuna yana kusa da gida. A garuruwanmu ana rushe tsofaffin masallatan ƙasa a ɗora na siminti, ba a ɗauki hotonsu ba, ba a tambayi dattawa wa ya aza harsashinsu ba. Gobarau ta yi sa'ar sarkin da ya waiwaye ta. Masallacin ƙauye ba shi da hasumiyar da za ta ba da shaida bayansa. Ranar da tsoho na ƙarshe da ya yi salla a cikinsa ya kwanta dama, ranar ya rushe karo na biyu.