Yara da Tufafin Gargajiya a Hotunan Tsibirin Ellis



Mutane da yawa sun ɗauka cewa hoto shaida ne wanda ba ya ƙarya. Abin da nake so mu duba yau shi ne, shaidar hoto ma tana bukatar bincike, kamar yadda alƙali yake binciken mai ba da shaida.

Daga 1892 zuwa 1954, baƙi wajen miliyan 12 suka shiga Amurka ta tsibirin Ellis, a bakin birnin New York. A can akwai wani akawu, Augustus Sherman, wanda ya ɗauki hotunansu fiye da 200, tun daga wajen 1905 har kusan rasuwarsa a 1925. Cikinsu akwai na yara: wa da ƙanwa daga tsibirin Marken na ƙasar Holan, da samarin Sikotilan ɗaure da ɗan zanen nan na mazan ƙasarsu, da yaran Sami na arewacin Turai.

To, yawancin baƙi sa'o'i kaɗan suke yi a tsibirin, su wuce. Galibin waɗanda Sherman ya samu su ne waɗanda aka tsare don ƙarin bincike. Yakan roƙe su su buɗe akwatunansu, su sa kayan gargajiya mafi kyau, sa'an nan ya ɗauke su. Watau sau da yawa kayan biki muke gani. Wanda ya ga yaranmu ranar hawan salla kaɗai, ai bai san abin da suke sawa zuwa kiwo ko makaranta ba.

Har ila yau, a ƙarƙashin hoto galibi ƙasa ko ƙabila yake rubutawa, sunan yaro kuwa ya ɓace. Mujallar National Geographic ta buga waɗansu a 1907, lokacin da Amurkawa ke gardama a kan irin baƙin da ya kamata a karɓa. A 1924 aka kafa dokar da ta rage shigowar mutanen kudanci da gabashin Turai ƙwarai.

Saboda haka, ɗalibin tarihi, in tsohon hoto ya zo hannunka, ka fara tambaya: wa ya ɗauka, wa ya zaɓi tufafin, kuma don wa aka yi shi? Bayan haka ne za ka kafa hujja da shi.