Gashi Ko Motsi: Nazari Kan Rage Ciwon Amosanin Gwiwa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi manyan gwaje-gwajen da aka buga tsakanin 2002 da 2022 kan amosanin gwiwa, ta gwada sakamakonsu da abin da majinyata ke tsammani idan an tura su sashen fisiyo. Nazarin ya nuna atisayen da mai ciwo ke yi da ƙarfin jikinsa ya fi allura da na'ura hujja, kuma sunan "gashi" da muka laƙaba wa sashen yana kawar da hankalin majinyaci daga wannan.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da amosanin gaɓɓai irin na zaizayewar guringuntsi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne. Guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙashi ne ke cinyewa, tsokar gaban cinya ta yi rauni, nauyin jiki ya koma kan gaɓar kai tsaye. A gidajenmu ba a hoton ƙashi ake fara ganin cutar ba. Dattijuwa ce za ta fara dafa bango kafin ta tashi daga tabarma, sannan zaman tahiya ya gagare ta, a kawo mata kujera. Sai a ce sanyi ne, a shafa man zafi, a hana ta motsi. Hanawar kuwa ita ke ƙara kashe tsokar.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A 2002 Moseley da abokan aikinsa suka raba majinyata 180 a birnin Houston na Amurka: wasu aka yi musu aikin wanke gwiwa da na'urar leƙe, wasu aka tsaga fata kawai aka ɗinke. Bayan shekara biyu ba a ga bambancin ciwo tsakaninsu ba. Shi kuwa nazarin Cochrane na 2015, wanda Fransen ta jagoranta, ya tattara gwaje-gwaje 54, ya gano atisaye na rage ciwo da kimanin maki 12 cikin 100. Ba waraka ba ce, amma ta yi kusa da abin da ƙwayoyi irin su diclofenac ke yi, ba tare da gyambon ciki ko lahani ga ƙoda ba. Sai dai amfanin yana ja baya cikin watanni idan an daina.

Gwajin da ya fi jan hankalin marubucin shi ne na Deyle a 2020, domin ya taɓo abin da majinyata suka fi roƙo, wato allurar gwiwa. Cikin mutum 156, waɗanda aka bi da su ta hanyar fisiyo sun fi waɗanda aka yi wa allurar sitiroyid sauƙin ciwo da iya hidimar yau da kullum bayan shekara guda. Game da ƙiba kuma, Messier ya nuna a 2005 cewa duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku.

Tattaunawa

A nan matsalar suna take. Wanda aka ce wa "je ka a gasa maka" yana zuwa ne ya kwanta a kunna masa fitila ko a manna masa waya. Idan likitan fisiyo ya ce masa ya zauna a bakin kujera, ya miƙe ƙafa, ya riƙe daƙiƙa biyar, ya sauke a hankali, ya maimaita sau goma, sai ya ga kamar an yi masa rowar magani. Alhali ƙa'idar hukumar NICE ta Ingila ta 2022 ta sa atisaye a sahun farko, ta kuma hana amfani da na'urorin lantarki don rashin gamsasshiyar hujja. Ɗumi yana kwantar da ciwo na ɗan lokaci, ba ya gina tsoka. Shirin GLA:D da aka soma a Denmak a 2013 ma da darasi yake farawa, sannan atisaye sau 12 cikin mako shida, domin wanda bai san zafin farko ba ɓarna ba ne zai gudu tun makon farko.

Akwai iyaka. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko ciwon ƙugu ga mai sikila, asibiti za a kai su a bincika tukuna.

Kusan duk gwaje-gwajen nan a kan masu zaman kujera aka yi su, ma'auninsu kuma hawan bene yake tambaya da shiga mota. Akinpelu da abokan aikinta a Jami'ar Ibadan sun ƙirƙiro ma'auni da ya dace da rayuwar Nijeriya, Odole da Akinpelu suka inganta fassararsa ta Hausa a 2008. Da irinsa ya kamata a auna atisayen a asibitocin Kano da Zariya, a tambayi majinyaciya ko ta koma yin sujada a ƙasa, ko tana iya tsugunno ta tashi ba tare da an kama ta ba.