Malaman Ƙetare: Jiya Su Suka Zo Mana, Yau Mu Ke Neman Tafiya

Kwanan nan matasanmu masu digiri suna ta tura mini tallan aikin koyar da Turanci a Tailan, suna tambayar ra'ayina. To, bari mu fara da tarihi.

A 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta. Makarantu suka yawaita, malamai suka yi ƙaranci, ga kuɗin man fetur. Sai jihohin Arewa, har da tsohuwar jihar Sakkwato da muke cikinta kafin 1996, suka riƙa ɗauko malamai daga Indiya da Pakistan da Filifin da Gana, har da Sri Lanka, ƙasar da galibin mutanenta mabiya Buddha ne. Ku tambayi iyayenku, da yawa a hannunsu suka koyi lissafi da Turanci. A 1983 Shagari ya kori baƙi marasa takardu, Ganawa da yawa suka tafi. Da SAP ta zo a 1986 naira ta karye, saura ma suka tattara nasu ya nasu.

Ita kuwa Tailan, da muka fi sani da shinkafa, sunanta Siyam har zuwa 1939, kuma Turawa ba su taɓa mallakarta ba. Sarkinsu Mongkut ya shafe shekara 27 yana zaman ibada irin na mabiya Buddha kafin ya hau sarauta a 1851. Ya koyi Turanci, a 1862 kuma ya ɗauko wata malama, Anna Leonowens, ta koyar da 'ya'yansa. Ya gane cewa sanin harshen Bature na cikin dabarun tsira daga hannunsa. Ka ga buƙatar malaman Turanci a can ba yau ta fara ba.

Abin da ke jan mutane a fili yake: rayuwa da sauƙin kuɗi, ba sanyin Turai, ga Musulmi da masallatai, musamman a kudu, Pattani da Yala da Narathiwat. Amma makarantunsu sun fi son ɗan Ingila ko Amurka. Ɗan Najeriya sai ya kawo digiri, ya ci jarrabawar Turanci, ya sami bizar aiki da izinin aiki, albashinsa kuma sau da yawa bai kai nasu ba.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Da irin wannan talla ake yaudarar mutane, a sauke su Bankok, a tsallaka da su garin Myawaddy na Myanmar, a tilasta musu damfarar intanet. Cikin waɗanda aka ceto a farkon 2025 har da 'yan Afirka.

Malaman da suka zo mana da kwantiragin gwamnati suka zo. Kai ma, ɗan'uwa, kada ka sayar da gonar gado sai ka tabbatar da makarantar, ka ga kwantiragi a rubuce. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya tsare mu.