Aikatau *thole* a Tsohon Sikotanci: Haƙuri, Izini da Shari'a

Gabatarwa

Duk wanda ya tambayi mutumin Sikotlan na yau ma'anar kalmar *thole*, amsa guda zai samu: jurewa, daurewa, haƙuri da abin da babu makawa sai an sha shi. Ana *thole* ciwon haƙori, ana *thole* sanyin hunturu, ana *thole* maƙwabci mai fitina. Har ma akan ɗauki kalmar tamkar madubin halin mutanen ƙasar, wai su mutane ne masu cije haƙora su yi shiru. Abin da muke so mu nuna a wannan maƙala shi ne, wannan ma'ana ɗaya ce kurum daga cikin uku da aikatau ɗin ya riƙe tsakanin ƙarni na 14 da na 17. Mai binciken tarihi da ya ɗauki ma'anar yau ya shiga da ita cikin takardun majalisa ko na kotu na wancan zamani zai yi musu gurguwar fahimta, domin zai ga talaka mai haƙuri a inda takarda ke maganar mai mulki da ke ba da izini.

Ya kamata mu fara da bayyana harshen da muke nufi. Sikotanci dabam yake da Gelik, harshen tsaunukan arewa da tsibiran yamma. Shi ɗan uwan Ingilishi ne, ya tsiro daga karin Tsohon Ingilishi na yankin Nozambiriya, ya bazu ta hanyar garuruwan kasuwa da sarakuna suka kakkafa tun zamanin Sarki David I (1124-1153). Masu harshen da kansu *Inglis* suke ce masa har kusan ƙarshen ƙarni na 15, sannan sunan *Scottis* ya soma bayyana. Masana irin su A. J. Aitken suna kiran duk abin da aka rubuta kafin 1700 da sunan Tsohon Sikotanci, kuma adabinsa ya soma ne da *The Brus*, doguwar waƙar tarihi da John Barbour ya tsara wajen 1375. Babban kayan aiki a nan shi ne kamus ɗin tarihi da William Craigie ya assasa, *A Dictionary of the Older Scottish Tongue*, wanda ya fito cikin juzu'i 12 tsakanin 1931 da 2002. Kowace ma'ana a cikinsa tana tafe da misalanta da shekarunsu. Kamus ɗin Bargery na 1934, duk da yalwarsa, bai ba mu irin wannan jerin shekaru ga kalmomin Hausa ba, shi ya sa aiki irin wannan ya fi wuya a wajenmu.

Asali da siga

Asalin kalmar ba abin jayayya ba ne. A Tsohon Ingilishi *þolian* ce, a Tsohon Nos *þola*, a Gotik *þulan*, kuma har yau Suwidanci na da *tåla*. Dukansu suna komawa ga saiwa guda ta Indo-Turai mai ma'anar ɗaukar kaya. Daga wannan saiwa ce Latin ya samu *tollere* da *tolerare*, ke nan *thole* da *tolérer* na Faransanci ƴan uwa ne na jini, sai dai harsunan Jamanik sun mayar da *t* na farko zuwa *th* bisa ƙa'idar Grimm. A rubuce-rubucen Sikotanci za a tarar da *thole*, *thoil*, *thoill*. Harafin *i* na cikin *thoill* ba a furta shi, alama ce ta tsawon wasali, al'adar da marubutan ƙarni na 15 da na 16 suka yawaita. Sigar shuɗaɗɗen lokaci ita ce *tholit*, ta mutum na uku kuwa *tholis*.

Ma'anar haƙuri

Ba za mu daɗe a nan ba, tun da ita ce sananniya. A rubuce-rubucen addini, kamar tarin labaran waliyyan Kirista da aka tsara cikin Sikotanci wajen ƙarshen ƙarni na 14, da wannan aikatau ake faɗin azabar da shahidai suka daure, da kuma wahalar da Kiristoci suka yi imani Annabi Isa ya sha. Daga gare shi aka ƙera sifa *tholemude*, mai haƙuri, da suna *tholemudenes*, haƙuri. A wani tsohon gida na unguwar West Bow a Edinbara an taɓa sassaƙa karin magana bisa ƙofa mai cewa wanda ya daure shi ke rinjaye, abin da Bahaushe zai gane nan take, tun da shi ma ya ce mahaƙurci mawadaci. A wannan ma'ana aikatau ɗin na iya zuwa ba tare da karɓau ba, kuma akwai yabo a cikinsa.

Ma'anar izini

A watan Maris na 1425 majalisar Sarki James I ta zauna a garin Perth, ƙasa da shekara guda bayan komowarsa daga tsare shi da aka yi a Ingila na shekara 18. Tsofaffin bugu suna sa wa wannan zama 1424, saboda kafin 1600 shekarar Sikotlan daga 25 ga Maris take farawa. Cikin dokokin da aka zartar akwai wadda ta shafi mabarata, waɗanda ake kira *thiggaris*. Dokar ta ce kada a *thole* wani mai shekaru tsakanin 14 da 70 ya yi bara, a gari ko a ƙauye, sai in hukuma ta duba ta tabbatar ba shi da wata hanyar ciyar da kansa. Wanda aka yarje wa a ba shi wata shaida ya riƙa yawo da ita. Sauran su kama sana'a, in sun ƙi a yi musu lalas a kunci a kore su.

Wane ne mai *thole* a nan? Ba mabaraci ba ne, ko da yake shi ne mai shan wahala. Hukumar gari ce, kuma abin da ake nema gare ta shi ne kada ta ƙyale. Aikatau ɗin ya tashi daga hannun wanda abu ya auka wa ya koma hannun wanda ke da ikon hanawa. Ginin jimla ne ke nuna haka: in *thole* ya ɗauki mutum a matsayin karɓau, sannan wani aikatau ya biyo baya, ma'anarsa "bari" ko "ƙyale". Irin wannan gini ya yawaita tun a waƙar Barbour, kuma daga shi ne aka samu suna *tholance*, wato zama ko amfani da wuri bisa lamunin mai shi ba tare da wani haƙƙi tabbatacce ba. Mai noma gona bisa *tholance* kamar mai aron gona ne a wajenmu, ranar da mai ita ya so sai ya karɓe abinsa.

Wanda ya san Faransanci ba zai yi mamakin wannan haɗuwa ba, domin *souffrir* ma haka yake: mutum na *souffrir* da ciwo, ƙa'ida kuma ba ta *souffrir* togiya. Hasali ma wannan kalma ce, ta hanyar Faransancin Normandawa, ta zama *suffer* ta ture *thole* daga Ingilishin kudu. A Sikotlan kalmomin biyu sun daɗe suna zaune tare. A Hausa kuwa dole mai fassara ya raba su gida biyu, ya ce "jure" a nan, "bari" a can, kuma a ganinmu wannan tilas alheri ne, tun da yana hana shi laɓewa bayan kalma mai fuska biyu.

Ma'anar "sha": injin niƙa da kotu

Ma'ana ta uku ita ce ta fi ba mu sha'awa, kuma Hausa na da makwafinta daidai. In muka ce tufa ta sha wanki, ko bango ya sha ruwa, ko ɓarawo ya sha ɗauri, ba mu ce komi ba game da haƙurin tufa ko na ɓarawo. Abin da muka faɗa kawai shi ne wani aiki ya bi ta kansu. Haka *thole* yake a harshen shari'a.

Misali na farko daga gidan niƙa yake. A Sikotlan ta da akwai wani tsari da ake kira *thirlage*, makamancin *banalité* na Faransa kafin juyin juya hali. Manoman wani yanki, wanda ake ce wa *sucken*, an ɗaure su ga injin niƙa guda mai aiki da ruwa, mallakar ubangijin ƙasa. Dole su kai hatsinsu can, su biya wani kaso na hatsin ko na garin, wato *multure*, ban da ɗan abin da ake ba yaran mai niƙa. Nauyin wajibin ya danganta da abin da takardar mallaka ta faɗa. Wani lokaci duk hatsin da ya tsiro a yankin ne ya shiga ciki. A garuruwa kuwa, inda mutane ba sa noma sai saye, wajibin kan hau kan hatsin da aka shigo da shi daga waje, muddin ya *thole* wuta da ruwa a cikin yankin. Hatsi ya sha wuta da ruwa ke nan, kamar yadda za mu faɗa da Hausa ba tare da an canja komi ba.

To amma wace wuta, wane ruwa? Tambayar ba ta malaman nahawu kaɗai ba ce, kuɗi ne a cikinta. In gashin burodi da dafa giya sun shiga ciki, to duk garin da mai gidan burodi ya sayo niƙaƙƙe daga wani wuri sai ya sake biya a kansa. Masana shari'a na ƙarni na 17 da na 18 sun tsaya kan fassara mai ƙunci: ruwa shi ne jiƙa sha'ir a kwami don ya tsira, wuta kuwa ita ce busar da hatsi a tanderu kafin niƙa. Wato aikin da ake yi wa ƙwaya tun tana ƙwaya, kafin ta zama gari. Dokar 1799 ta ba da damar mayar da wajibin zuwa biyan shekara-shekara, amma *thirlage* bai gushe daga littafin doka ba sai a Nuwamba 2004, lokacin da dokar soke tsarin mallakar ƙasa na gargajiya ta 2000 ta fara aiki.

Misali na biyu ya fi nauyi, tun da rai da ƴanci ya shafa. A Sikotanci *assize*, kalmar da muka sani cikin *cour d'assises*, tana nufin taron mutanen gari da ke yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifi, waɗanda adadinsu ya zauna a kan 15 a shari'ar manyan laifuffuka. A bayanan kotu na ƙarni na 16 da na 17, *thole an assize* na nufin a gurfana gaban wannan taro, shi ke nan. Ba a duba ko mutum ya zo da natsuwa ko da ihu aka jawo shi. Sannu a hankali sai lafazin ya zama sunan wata kariya: wanda ya riga ya sha shari'a har aka kai ga hukunci, ko an kama shi da laifi ko an sallame shi, yana iya cewa ya *tholit* taronsa, ba za a sake gurfanar da shi kan wannan laifi ba. Ita ce ƙa'idar da masu karatun shari'a da Faransanci suka sani da *non bis in idem*. Abin lura shi ne yadda kalmar da ke nuna mutum ba shi da iko kan abin da ake yi masa ta zame masa garkuwa gaban mai gabatar da ƙara na sarki.

Yadda ma'anoni suka rabu

Me ya sa ma'anar haƙuri kaɗai ta saura a bakin jama'a? Amsar tana cikin tarihin harshen baki ɗaya. Sauyin addini na 1560 ya zo ba tare da cikakken Baibul na Sikotanci ba. Fassarar Ingilishi ta Janeba aka karanta a majami'u, ita ce kuma aka buga a Edinbara a 1579. A 1603 James VI ya gaji sarautar Ingila, fada ta koma Landan, masu ɗab'i suka bi kasuwa mafi girma. A 1707 majalisar Sikotlan ta narke cikin ta Birtaniya. Wuraren da ake ba da izini a rubuce, wato fada da majalisa da mumbari, duk suka koma amfani da *suffer*, *permit* da *allow*. Ma'anar izini ta yi rauni ke nan saboda masu ba da izinin sun canja harshe. Ma'anar haƙuri ta zauna a gida da gona, inda ba a rubutu. Ta haye teku zuwa arewacin Ailan tare da ƴan Sikotlan da aka zaunar a can daga farkon ƙarni na 17, kuma mawaƙi Seamus Heaney, a gabatarwar fassararsa ta *Beowulf* ta 1999, ya ba da labarin yadda ya gane *þolian* na tsohuwar waƙar saboda ya saba jin kalmar a bakin wata gwaggonsa.

Ma'anar "sha" kuwa yarjejeniyar 1707 ce ta cece ta, domin ta bar wa Sikotlan kotunanta da shari'arta. Lauyoyin Edinbara sun koma rubutu da Ingilishi, amma ba su iya taɓa lafazin da hukunce-hukuncen baya suka rataya a kansa ba, don haka *tholed assize* ya ci gaba da fitowa cikin littattafan shari'ar laifuffuka shekaru ɗari uku bayan harshen da ya haife shi ya bar ofis.

A 2007 shari'ar wani mutum da ake tuhuma da kashe ƴan mata biyu a 1977, abin da aka sani da kisan World's End saboda sunan mashayar Edinbara da aka yi musu ganin ƙarshe, ta rushe lokacin da alƙali ya ce hujjojin ba su isa ba. Bisa tsohuwar ƙa'ida mutumin ya sha taronsa. Majalisar Sikotlan, wadda aka sake kafawa a 1999, ta zartar da doka a 2011 da ta rubuta ƙa'idar a fili ta kuma yi mata togiya: in an gurɓata shari'ar farko, ko wanda aka sallama ya amsa laifi, ko sabuwar hujja mai ƙarfi ta fito a babban laifi, babbar kotu na iya ba da izinin sake shari'a. An sake gurfanar da mutumin, aka kama shi da laifi a 2014. Sunan dokar kuwa, *Double Jeopardy (Scotland) Act*, da lafazin Ingilishi aka raɗa shi.