Jak

jak (suna, namiji, aro daga Turanci) 1. Ƙarfen ɗaga mota in za a canza taya. 2. Jak ɗin tirela: ƙafar ƙarfe mai hannun murzawa da ke tallafe wuyan tirela bayan an cire ta daga mota. Na tsohuwar tirela in ya yi tsatsa, samun madadinsa aiki ne. Sai an duba nauyin da yake ɗauka, da tsayinsa, da ramukan kusoshi, ko a kai wa mai walda. A ƙasa mai rairayi irin ta Gamu da Gure, a Damagaram, nutsewa yake yi in ba a sa masa katako ba. Misali: "Malam, sa jak kafin ka kwance tirelar."